Kada ƙurar ta bi mu gida: littafin aikin share fili a Arlit

Litinin, 10 ga Janairu 2022

Da sunan Allah. Yau aka damƙa mana filin. Tsohon wurin ajiye ƙarafa ne a bakin gari, hekta ɗaya da rabi, an yi shekara da shekaru ana jibge masa tsofaffin bututu da matattun injuna, ƙasansa kuma an taɓa cike ta da tarkacen dutsen ma'adinai. Aikinmu shi ne mu auna ko'ina, mu ware ƙarfen da ya gurɓata, mu kankare ƙasar da ta gurɓata a kai ta inda aka tanada don binnewa, sannan a cike gurbin da ƙasa mai tsabta. Mu 14 ne: leburori tara, direban katafila, direbobin tifa biyu, shef ɗin fili, sai ni.

Ni aka ɗora wa kula da kariyar ma'aikata daga radiyasiyo, abin da gidajen rediyo ke kira tururin nukiliya. Bara na yi horon, wannan ne karon farko da lafiyar mutane ke wuyana ni kaɗai. Shi ya sa na ɗauki alƙawarin rubuta abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi.

Ga wanda bai san Arlit ba, a arewacin Nijar yake, kuma yuraniyom ne ya kafa garin. Kamfanoni biyu ne suka haƙa shi: SOMAIR ta fara fitar da shi a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978 da raminta na ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan, wanda aka rufe ranar 31 ga Maris 2021. Dusar da ta rage a can bayan an tace yuraniyom ta kai kusan tan miliyan 20, tsauni guda, ita ce ake aikin rufewa da laka da dutse mai kaurin mita 2. Namu filin ɗan mitsitsi ne a gefen wannan, sai dai daga bakin wayarsa zuwa gidan farko tafiyar ba ta kai minti biyar ba.

Laraba, 12 ga Janairu

Awo. Mun ja igiya mun raba filin gida-gida, kowane gida mita 5 a kan mita 5, ya ba mu gida 600. A kowanne ina auna sau biyu, ɗaya a tsayin ƙugu, ɗaya na'ura na taɓa ƙasa, yaro ɗaya na bina da takarda. Kafin mu shiga na auna can nesa a cikin sahara don in san yadda ƙasar Allah take ba tare da tarkace ba: mikrosibat 0.15 a awa (mikrosibat ma'aunin radiyasiyon da jiki ke sha ne).

Yawancin filin tsakanin 0.3 ne da 0.8. Kusurwar arewa ce ta tayar mini da hankali, 2.5 a tsayin ƙugu. Nan aka tara bututun, kuma da na kara na'urar a bakin wani guda sai ta haura 40. Na leƙa ciki, akwai wani kauri da ya daskare a jikin ƙarfen kamar ƙanzo a gindin tukunya. Radiyom ne, wani sinadari mai fitar da radiyasiyo, ke taruwa a irin wannan ƙanzon, shi kuwa sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace. Ga ido, bututun ba shi da bambanci da na famfon gida. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fili ido bai san komai ba.

Na kewaye kusurwar da jan ƙyalle. Sauran awon zai ci kwana biyu.

Asabar, 15 ga Janairu

Karatun farko, a inuwar kwantena, da Hausa, wani yana juya wa mutum biyu da Tamashek.

Na ce musu abin yana shiga mutum ta ƙofa uku. Ta farko hasken gamma, wanda ke fitowa daga dutse da ƙarfe ya ratsa jiki kana tsaye, kuma maganinsa sananne ne: rage zama a wurin, matsa nesa, sa wani abu mai kauri a tsakani. In abin guntu ne kamar bututu, ka ninka tazara sau biyu, abin da ke samunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In kuwa ƙasar ce gaba ɗaya, matsawa taku biyu ba ta yin wani amfani, sai dai a rage lokaci. Ƙofa ta biyu iskar radon, wadda radiyom ke haifarwa. A fili iska na watsa ta, amma a rufaffen wuri taruwa take yi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun manyan masu jawo kansar huhu bayan taba. Mai shan sigari da ke shaƙar radon ya haɗa wa huhunsa abokan gaba biyu da ke ƙarfafa juna. Ƙofa ta uku ƙura, kuma a kanta na fi daɗewa. Ƙurar nan tana fitar da abin da ake kira alfa, wanda ko takarda na tare shi, fatar jiki ma ta ishe shi. Amma cikin huhu babu fata. In ƙurar ta zauna can, ta zauna ke nan tana aiki dare da rana, ko mutum ya bar Arlit ya koma garinsu.

Wani matashi ɗan Tasawa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, abin da ba ya wari ba ya zafi, ta yaya zan san ya taɓa ni?" Kafin in buɗe baki dattijon cikinmu, wanda ya yi fiye da shekara 20 a ramin ƙarƙashin ƙasa, kowa Baba yake ce masa, ya ciro dozimeta, 'yar na'urar da ke ƙirga radiyasiyon da mutum ya sha, daga akwati ya maƙala masa a ƙirji ya ce, "Wannan ne hancinka, ɗana. Ranar da ka cire shi ka zama marar hanci." Ya fi ni iya bayani nesa ba kusa ba.

Na rubuta musu lambobi uku a allo. Ma'aikaci irinmu, ƙa'idar duniya ita ce kada ya wuce milisibat 20 (milisibat ɗaya mikrosibat 1,000 ne) a shekara idan aka raba a kan shekara biyar. Mutumin gari kada aikinmu ya ƙara masa fiye da milisibat 1. Abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da sama da abinci, ba tare da wani aiki ba, a matsakaicin duniya kusan 2.4 ne. Sannan muka yi lissafin kusurwar arewa tare: 2.5 sau awa takwas, mikro 20 a yini, wanda ya shekara a wurin zai tashi da kusan mili 5 daga gamma kaɗai. Na lura fuskoki sun saki da suka ga 5 bai kai 20 ba. Na ce kada su yi saurin murna, 20 katanga ce, ba abin da ake neman kaiwa ba, kuma wannan lissafin babu ƙura a cikinsa.

Talata, 18 ga Janairu

Mun raba wurin gida uku: cikin fili, ɗakin tuɓe kaya da wanke jiki, sai rumfar hutu a waje, ta gefen da iska ke fitowa. Ci, sha, goro, shayi, sigari, garin taba, duk a rumfa kawai. Kowa sai na shafa masa na'ura a hannu da takalmi da riga kafin ya tsallaka.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, da sefa (jikka ɗaya sefa 1,000 ce): takunkumi mai lamba FFP3 guda 300, jikka 450. Rigunan aiki biyu-biyu da safar hannu, jikka 310. Tampol huɗu na rufe tifa, jikka 140. Durom uku da famfon roba da sabulu, jikka 62. Ruwan yayyafi tanka ɗaya jikka 25, kuma muna bukatar biyu a yini. Maigida, mai kwangilar, ya dubi takardar ya ce ruwa zai cinye masa riba. Na ce ranka ya daɗe, ruwan shi ne aikin.

Alhamis, 20 ga Janairu

Ban yi tsammanin gemu zai zama babbar matsalar makon nan ba. Na gwada takunkumin kowa: ka rufe shi da tafin hannu biyu, ka fitar da numfashi da ƙarfi, in iska na fita ta gefe to bai kama ba. Mutum huɗu nasu bai kama ba, dukkansu masu cikakken gemu. Irin wannan takunkumi sai ya manne da fata yake aiki, gashi kuwa hanya yake buɗe wa ƙura.

Ɗaya daga cikinsu, mai karatu ne sosai, shi ke jan mu sallah, ya ce da ni cikin natsuwa, "Malam, aikin wata uku ba zai sa in aske sunna ba." Ban yi masa musu ba, ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma na ga babu wasa a idonsa. Akwai wata hula mai ɗan injin hura iska da ke rufe kai duka, masu gemu na iya sawa, amma kuɗin guda ɗaya ya fi albashin lebura na watanni, maigida ko sauraro bai yi ba. Abin da muka yi: biyu sun yarda da kansu sun rage inda bakin takunkumi ke bi, na sake gwadawa ya kama. Sauran biyun na fitar da su daga wurin shebur, ɗaya ya koma tsaron ƙofa da rubuta tifofi, limaminmu kuma ya riƙe tiyon ruwa yana tsayawa ta bayan iska. Albashin kowa bai taɓu ba, wannan na tabbatar kafin in buɗe baki.

'Yan'uwanmu Buzaye sun ce rawaninsu ya tare musu ƙurar sahara tun kaka da kakanni. Gaskiya ne yana tare yashi. Ƙurar da nake tsoro ita ce wadda ido ba ya gani, mai wucewa ta saƙar yadi. Mun daidaita: takunkumi a ciki, rawanin aiki a kai, kuma rawanin aiki ba ya fita daga fili.

Litinin, 24 ga Janairu

Abin da na gani yau ya hana ni cin abincin rana.

Ruwan durom ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya, tanka ba ta dawo ba. Ina zagayowa ta bayan kwantena sai na hangi ɗaya daga cikin leburori ya cire safa da takunkumi, ya durƙusa a gefen tarin ƙasar da muka kankare da safe, ya buga tafinsa a kai ya shafa a fuska. Taimama yake yi. Ƙasar da na sa wa jan ƙyalle, ita ya shafa a kan hancinsa da leɓensa, da kyakkyawar niyya, yana tsoron kada azahar ta wuce shi.

Ban yi masa tsawa ba. Na ce, "Ƙanena, tsaya haka, kada ka taɓa bakinka." Na kawo ruwan shana muka wanke masa fuska daga goshi zuwa ƙasa, idonsa a rufe, ya fyace hanci sau da yawa, ya kuskure baki. Na auna fuska da hannu, na'urar ba ta nuna komai sama da na waje ba. Na rubuta abin a littafin haɗari da sunansa da lokaci.

Laifin nawa ne. Na yi musu maganar goro da shayi da sigari, na manta da abin da kowannenmu ke yi sau biyu kafin a tashi aiki. Takardun da aka koyar da ni da su babu alwala a ciki, ni kuma da ke alwala ban ƙara ta ba. Daga yau akwai durom guda na alwala kawai a rumfa, ba a taɓa shi don wani abu. An shimfiɗa tabarmi can. Baba ya ɗauko wani sumulmulen dutse daga gidansa, na auna shi lafiya lau, aka ajiye a gefen tabarma saboda ranar da ruwa ya yanke. Limaminmu ya yi magana bayan la'asar, ya ce ƙasar da za ta cutar da mutum ba wurin neman tsarki ba ce. Daga bakinsa ta fi shiga.

Juma'a, 28 ga Janairu

Kwana uku hunturu na busawa, kwana biyu ba mu taɓa ƙasa ba. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa, ta bi ta kan filin ta nufi gidaje. Ran Laraba famfon tanka ya lalace, shef ya ce a ci gaba da katafila a bushe tunda tifofi na tsaye ana biyan hayarsu. Bokiti ɗaya aka ɗaga na ga ƙura ta tashi kamar hayaƙi ta tsallake waya. Na je na tsaya a gaban katafila.

Maigida ya kira ni a waya ransa a ɓace, ya ce kowace rana ta zaman banza jikka 180 ce. Na ce na sani, ranka ya daɗe, amma hannuna ba zai sa a takardar da ta ce an yi aiki bisa ƙa'ida ba. Ya kashe wayar. Da yamma sai ga sabon famfo, jikka 95. Mun kafa doka mai sauƙi: an ɗaura ƙyalle a kan sanda, in ya miƙe sak, a tsaya. Ƙasa kuma sai ta jiƙu har ta dunƙule a hannu kafin a ɗaga ta, amma ba ta yi caɓi ba, don caɓi yana manne wa tayoyi ya fita titi.

Laraba, 2 ga Fabrairu

Na buɗe akwatin gaban tifa ina neman alƙalami, sai ga dozimeta biyu a naɗe cikin leda. Masu su kuwa suna can kusurwar arewa suna ware bututu tun safe.

Na kira su gefe. Da ƙyar ɗaya ya yi magana, ya ce, "Malam, an ce wanda lambarsa ta hau za a sallame shi. Ni 'ya'yana biyar." Tun da aka rufe rami bara mutane da yawa ke zaune babu aiki a garin nan, wanda ya samu kuwa riƙe shi yake da hannu biyu. Ban ji haushinsu ba. Na tuna labarin da ya fito daga Fukushima ta Japan a 2012, inda wani ɗan kwangila ya sa ma'aikatansa rufe dozimeta da dalma don lamba ta sauka. Can mai aiki ne ya ɓoye, nan ma'aikaci ne da kansa, amma tsoro ɗaya ne, kuma jikin da ke karɓar abin ɗaya ne.

Wa'azi ba zai warware wannan ba. Na je wurin maigida na roƙe shi ya rubuta da hannunsa cewa wanda lambarsa ta fi ta sauran za a canja masa wurin aiki ne, ba za a kore shi ba, ba za a rage masa ko dala ba. Ya yi shiru, sannan ya rubuta ya buga hatimi. Na karanta wa kowa da Hausa, na manna a ƙofar kwantena. Kusurwar arewa kuma daga yau karɓa-karɓa ce, awa biyu ga mutum a yini. Su biyun na ƙiyasta musu abin da suka samu daga awon wurin da yawan awowin da suka yi, na rubuta da jan biro cewa ƙiyasi ne.

Litinin, 7 ga Fabrairu

Aiki lafiya. Tifa 11 yau, duk a rufe, tayoyi a wanke. An kankare kusan kashi ɗaya cikin uku.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Jiya da safe muka tarar an yanke waya ta gabas, bututu uku babu, har da mai 40 ɗin nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: maigadin dare ya tafi jana'iza, ba a sa wani ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a Arlit. Tun 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa tare da Aghirin'man ta nan garin suka nuna cewa ana samun gurɓatattun ƙarafa a kasuwa, a 2009 kuma ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta sami radiyasiyo kusan ninki 500 na abin da aka saba. Ƙarfe a garin da ke tsakiyar sahara dukiya ne. Da shi ake ƙofa, da rufin ɗaki, da murhu, da gado.

Mun sanar da waɗanda ya kamata, sannan ni da Baba muka ɗauki na'ura muka bi 'yan gwangwan da maƙera rumfa-rumfa. Baba ne ke sallama, ni ina baya. Bai taɓa cewa sata ba, cewa yake, "Wani ƙarfe ne mai ciwo ya ɓace mana, muna gudun kada ya cuci yaranku." A rumfa ta bakwai na'urar ta fara kuka tun daga ƙofa. Biyu suna jingine da bango. Na ukun an riga an yanka shi gida biyu da injin yanka, ƙanzon cikinsa ya zube a ƙasa, ga almajiran maƙerin biyu zaune kusa suna shan shayi.

Maƙerin dattijo ne mai mutunci, ya saya ne bai sani ba. Na ba shi labarin Goyaniya ta ƙasar Brazil: a 1987 wasu suka ɗauko wani ƙarfe daga asibitin da aka daina amfani da shi suka sayar wa mai gwangwan, a ciki akwai garin siziyom mai shuɗin haske da ke fitar da radiyasiyo, mutane suka riƙa shafawa suna kai wa iyali, mutum huɗu suka mutu har da yarinya 'yar shekara shida, aka auna mutum kusan 112,000. Na gaya masa gaskiya cewa namu bai kai wannan ƙarfi ba ko kusa, ba zai kwantar da kowa gobe ba, cutarsa ta shekaru ce, ta hanyar ƙurar da aka shaƙa. Ya ce, "To ɗana, yi abin da ya dace." Muka jiƙa wurin, muka kankare ƙasar rumfar santimita 10, buhu tara, muka goge injin yankan, faifansa muka tafi da shi. Yaran sun yi wanka, kayansu na karɓa na saya musu wasu, sunayensu kuma na ba likitan aiki. Mun mayar wa maƙerin kuɗinsa jikka 30, faifai da tufafi jikka 14. Yanzu duk bututun suna cikin kwantena da kwaɗo biyu.

Talata, 15 ga Fabrairu

Kuskure na biyu, shi ma nawa. Allon da muke rataye dozimeta da dare yana jikin kwantena, kuma cikin wannan kwantenar na kulle bututun ran Alhamis. Yau ina wucewa da na'ura a kunne sai ta motsa, 1.1 a daidai allon. Kwana biyar ke nan dozimetocin na shan abin da masu su ba su sha ba. Mafi muni, na shaida, wanda ke zama a allo kullum don a cire lambarsa daga ta kowa, shi ya fi sha, tunda ba ya barin wurin ko da rana. In aka cire lambarsa yadda take, ta ma'aikata za ta fito ƙasa da gaskiya.

Na mayar da allon rumfa, na rubuta wa ɗakin gwaji bayanin abin da ya faru da ranaku da awon, na roƙi kada su cire wannan ƙarin. Gara lambar mutum ta fito sama kaɗan da ta fito ƙasa. Kwantenar kuma sai an buɗe ta ta sha iska rabin awa kafin wani ya shiga, saboda radon. Gobe dozimetocin watan farko za su tafi Yamai.

Asabar, 19 ga Fabrairu

Ƙirgen riguna ya nuna babu ɗaya. Matashin Tasawa ne, sabon ango, ya ce wankin da ake yi a fili ba ya fita, amaryarsa ta fi iyawa. Ya naɗe rigar a cikin jaka ya wuce da ita.

Na zaunar da shi na tuna masa Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu da gubar dalma. Ba yaran ne suka shiga rami ba. Iyaye ne suka kawo dutsen zinariya gida ana daka shi a tsakar gida, ƙurar ta zauna inda yara ke rarrafe. Gubar daban ce, hanyar kuwa ita ce dai wannan. Jikinsa ya yi sanyi. Da izininsa muka je gidan, ya shiga ya yi mini iso, na auna bahon wanki, igiyar shanya, inda aka zubar da ruwan da tabarmar ɗaki. Wurin zubar ruwan ne kawai ya ɗan ɗaga, muka ɗebe shebur biyu. Amaryar daga bayan labule ta ce, "Malam, ni ba wanda ya gaya mini." Gaskiyarta. Na roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta tara matan ma'aikatanmu ran Asabar mai zuwa ta yi musu bayani, ni zan kawo na'ura su gani da idonsu.

Kukansa game da wanki ma gaskiya ne. An ƙara sabulu, an ɗauki mai wanki na biyu, jikka 40 a wata, ruwan wankin yana zuba a rami mai shimfiɗar leda a cikin fili.

Litinin, 28 ga Fabrairu

Mata 10 suka zo ran Asabar, tambayoyinsu sun fi na mazan. Kankara ta kai kashi biyu cikin uku. Takunkumi saura 40, an yi odar 300 daga Agadas.

Talata, 15 ga Maris

Sakamako ya iso bayan wata guda cur. Gamma: mafi ƙanƙanta mili 0.09, mai tsaron ƙofa, mafi yawa 0.38, ɗaya daga cikin masu ware bututu, kafin a fara karɓa-karɓa. Na'urar auna ƙura da radon da ake ɗaurawa a ƙugu uku kawai gare mu, muna zagaya ta, kuma a nan direban katafila ne ya fi kowa, ya ninka na masu shebur. Na yi mamaki har na hau na duba. Gilashin gefe a fashe yake, shi kuma yana sauke takunkumi da zarar ya rufe ƙofa, yana ganin yana cikin ɗaki. An sa gilashi, jikka 35, ana goge cikin da jiƙaƙƙen tsumma kowace yamma, ba tsintsiya.

Na kira kowa shi kaɗai na nuna masa lambarsa, na rubuta masa a ɗan littafi da zai riƙe a hannunsa ko bayan kwangilar nan ta ƙare. Baba ya juya nasa ya sake juyawa, ya ce abokansa da yawa da suka koma ƙauye suna tari, ba su da ko takarda ɗaya da za su nuna wa likita. Ya sa shi a aljihun ƙirji ya maɓalle.

Asabar, 26 ga Maris

Zafi ya sauka. Ƙarfe 11 takunkumi ya jiƙe da gumi, numfashi ya yi nauyi, mutane na jan shi ƙasa ba tare da sun sani ba. Yanzu biyu muke ba kowa a yini, kuma kowane minti 45 ana fita rumfa, a wanke hannu da fuska, a sha ruwa. Ran Alhamis lebura ɗaya jiri ya ɗebe shi, muka kwantar da shi a inuwa, ya warware.

An gama kankara ban da kusurwar arewa, inda muka yi santimita 40 amma har yanzu akwai gida 18 da ke sama da 0.6. Inda aka cike da sabuwar ƙasa na sake aunawa gida-gida, 0.16 zuwa 0.2. Ita ma sabuwar ƙasar kowace tifa sai na auna ta kafin a juye.

Azumi saura mako guda. Mai azumi da takunkumi a wannan rana ba zai kai azahar ba, don haka mun yarda da shef za a fara ƙarfe 6 a tashi ƙarfe 11, shebur a awa uku na farko kawai, sauran aikin katafila. Zai ƙara mana kusan kwana 10, maigida ya amince bayan ya ga lissafin. Ran Litinin zan haƙa ramin gwaji uku a kusurwar arewa in ga iya zurfin tarkacen, in aika dozimetocin wata na biyu, in koma rumfar maƙerin in sake auna ƙasansa kamar yadda na yi masa alƙawari.